Laifin Odewale ne ko na ƙaddara?

Wata ɗaliba 'yar aji biyar a wata sakandare da ke Tudun Wada a nan Kaduna ce ta aiko da wannan tambaya. Malaminsu na adabin Turanci ya ba su aikin sharhi a kan wasan kwaikwayon Ola Rotimi, The Gods Are Not to Blame, ya ce kowa ya faɗi ko ya yarda da abin da sunan wasan ke cewa, wato gumaka ba su da laifi. Ta ce: "Baba, ni dai na karanta ban ga laifin Odewale ba. Yana jariri aka ce zai kashe ubansa ya auri uwarsa. Ya gudu don kada hakan ta faru, abin ya bi shi har inda ya je. To ina laifinsa? Sannan in na rubuta cewa gumakan ne da laifi, ban taɓa imanina ba?"

'Yata, bari in fara da ta ƙarshen, ita ce mai sauƙi. Sharhin adabi ba shahada ba ce. Bayanin abin da mutanen Kutuje, garin da Odewale ya yi sarauta, suka yi imani da shi a cikin labari kike yi, kuma malamanmu sun daɗe da cewa mai ba da labarin kafirci ba ya kafirta don ya ba da labari. Ki riƙa cewa "a cikin wasan" ko "a ganin mutanen Kutuje", shi ke nan. Wannan ma ya fi kyau a idon mai duba takarda, domin ya nuna kin san bambancin duniyar littafi da taki.

Ta farkon ce ke da aiki. Kin kama rabin gaskiya, kuma rabin da kika kama shi ne wanda yawancin ɗalibai ke tsoron faɗa. Abin da ya rage miki shi ne ki raba abin da Odewale ya aikata bisa rashin sani da abin da ya aikata idonsa biyu. Kisan uba da auren uwa, bai sani ba. Amma kisan wani dattijo a gona a kan ƙasa da baƙar magana, wannan da saninsa ya yi. A nan Rotimi ya ɗora masa laifi, kuma ba za ki ga haka sosai ba sai kin san inda ya ɗauko labarin da abin da ya sauya a ciki.

Labarin ba nasa ba ne tun asali. Na Sofokilis ne, marubucin Girka, wanda aka nuna wasansa na Sarki Edifus a birnin Atina wajen shekara 429 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Rotimi, wanda aka haifa a Sapele a 1938, ubansa Bayarabe uwarsa 'yar ƙabilar Ijo, ya yi karatun wasan kwaikwayo a Boston da Yale a Amurka, ya dawo yana aiki a Jami'ar Ife. A Ife aka fara nuna wannan wasa a 1968, aka buga shi littafi a 1971. Ki riƙe shekarar 1968 ɗin nan, za mu dawo kanta. Ƙashin bayan labarin bai taɓa shi ba: duba, jefar da jariri, bawan da ya ji tausayi, kisa a mararraba, annoba, makahon ɗan duba, sarauniya ta kashe kanta, sarki ya ƙwaƙule idanunsa. Amma akwai wuraren da ya sa hannu. Edifus da kaifin basira ya sami sarauta, ya warware kacici-kacicin wata dodanniya. Odewale da yaƙi ya samu, ya tarar mutanen Ikolu sun addabi Kutuje, ya zuga su suka tashi, ya ja su suka ci nasara. Wanda Edifus ya zarga da neman kujerarsa ɗan'uwan matarsa ne. Wanda Odewale ya zarga, Aderopo, ƙanensa ne uwa ɗaya uba ɗaya, bai sani ba. Babban sauyin kuwa yana wajen kisan. A na Girka rigimar wa zai kauce wa wani a hanya ce, kuma labarinta kawai ake ba mu. Rotimi ya mai da ita rigimar gona da ƙabila, ya kuma dawo da ita kan dandali muka gani da idonmu.

Koma ki sake karanta wannan fitowar a hankali, ita ce zuciyar wasan. Odewale yana da gona a Ede, ya sha wahalarta. Ya zo ya tarar da wasu mutane a ciki, da wani tsoho da ke cewa ƙasar tasa ce. Zuwa nan duk mai noma zai tsaya wa Odewale, don an shigar masa gona ne ƙiri-ƙiri. Kuma lura, bai fara da duka ba, da magana ya fara. Abin da ya ɓalle masa linzami shi ne da tsohon ya yi dariyar harshensa, ya mai da mutanen Ijekun, inda Odewale ya tashi, 'yan daji. Shi da bakinsa ya ce zai iya haɗiye zagin kansa, amma ban da na ƙabilarsa. Aka shiga jifan juna da surkulle, da ya ga tsohon na neman fin ƙarfinsa sai ya ɗaga fartanya ya sauke masa. To ga inda Rotimi ya ɗana tarkonsa: Odewale ba ɗan Ijekun ba ne. Riƙonsa kawai aka yi a can. Jinin Kutuje ne, ɗan sarkinta na fari, kuma tsohon da ya kashe don kare mutuncin Ijekun shi ne Sarki Adetusa, mahaifinsa. Shi ma Adetusa, wanda yake wa dariyar harshe ɗan cikinsa ne. Kowannensu ya dubi ɗan'uwansa ya ga bare, saboda karin harshe kawai. Idan sharhinki bai ƙunshi komai ba sai bayanin wannan, kin ci rabin makin.

Za ki ce ai bai san ubansa ba ne. Gaskiya ne. Amma duba abin da ya sani a ranar. Ya san ɗan duba ya gaya masa zai kashe ubansa ya auri uwarsa, shi ya sa ma ya baro gida. Ya kuma san akwai ƙura a kan asalinsa, don abin da ya kai shi wurin duban tun farko gorin da wani dattijo ya yi masa ne a Ijekun, ya kira shi malam-buɗe-littafin da ke ganin kansa tsuntsu. Mutumin da aka yi wa gorin asali, aka kuma yi masa irin wannan albishir, me hankali zai ba shi? Ya zaunar da Ogundele da Mobike, waɗanda suka rene shi, ya tambaye su gaskiya. Bai yi ba, ya kama hanya. In ma bai yi wannan ba, sai ya haramta wa kansa abu biyu har ya mutu: ɗaga hannu a kan duk wanda ya yi sa'ar ubansa, da auren duk wadda ta haife shi a shekaru. Duka biyun ya yi. Ba mugunta ce ta sa shi ba. Mutum ne da ba ya tsayawa ya yi tambaya, da zarar abu ya faɗo masa a rai ya zama gaskiya, sai aiki.

Wannan halin ne ya biyo shi fada bayan shekara 11 a kan gado da 'ya'ya huɗu. Annoba ta sauka, aka aiki Aderopo Ile-Ife wajen duba, ya dawo da saƙon cewa wanda ya kashe tsohon sarki yana cikin gari yana cin duniyarsa. Tun kafin a yi bincike Odewale ya rantse a gaban Ogun, gunkin ƙarfe da yaƙi, cewa zai cire idanun mai laifin ya kore shi daga ƙasar. Daga nan sai zargi. Ya dubi masu sarautarsa ya ce in har kada na cin ƙwanta, me zai hana ta cin naman kwaɗo? Ma'ana, mutanen da suka iya kashe sarkinsu ɗan garinsu, me za su bar wa baƙo irinsa? Wannan karin magana ki ja masa layi. Shekara 11 suna masa biyayya, shi ya cece su, su suka naɗa shi, amma a ransa har yanzu ɗan Ijekun ne a tsakiyar Kutuje. Da Baba Fakunle, makahon ɗan duba, ya kira shi mai kisan kai, bai tsaya ya tuna cewa ai kuwa ya taɓa kashe mutum a Ede ba. Nan take ya yanke cewa Aderopo ne ya sayi makahon don ya gaji ubansa. Ya kori yaron, ya rantse kada idonsa ya sake ganinsa har ya mutu. Rantsuwar kuwa ta cika, don sa'ad da Aderopo ya dawo babu idon da zai gan shi. Babu gunkin da ya sa wannan rantsuwa a bakinsa.

Sai dai kada ki zarce ki mai da shi azzalumi, sai wasan ya lalace a hannunki. Aristotal, masanin Girka, wanda ya ɗauki wasan Sofokilis a matsayin abin misali, ya ce faɗuwar mugu ba ta ba da tausayi, ta salihi tsantsa kuma takaici kawai take bayarwa. Wanda ake so mutumin kirki ne mai daraja da wani kuskure nasa ya kayar. Odewale sarki ne nagari. Da talakawa suka taru a ƙofar fada suna kuka, ya nuna musu cewa ciwon ya shiga gidansa shi ma, sannan ya tambaye su, ku me kuka yi wa kanku? Ya tura su daji ɗebo saiwoyi da ganyaye. Ya karɓi jaririn matar nan da mutuwar miji ta taɓa wa hankali ya sa a kula da shi. Wannan ɗin ma hujja ce ga sunan wasan, don sarkin da ya hana mutanensa naɗe hannu su jira gumaka shi ne daga baya ya ƙi laɓewa a bayansu. Da gaskiya ta fara leƙowa kuma, manyan gari suka so a bar zancen, shi ya ƙi. Zafin zuciyar da ya kashe Adetusa da shi, da shi ya tono kansa.

Fitowar da na fi so ɗalibai su tashi su yi a gaban aji ita ce ta Alaka. Tsohon abokinsa ne daga Ijekun, baƙauye mai barkwanci, ya sha yawon nemansa, ya shigo fada da ƙurar hanya a ƙafa. Ya kawo labarin rasuwar Ogundele, sai ya ga sarki ya yi ajiyar zuciya maimakon kuka, don a zatonsa duban ya ƙaryata. Da Odewale ya faɗi dalilin gudunsa, sai abin ya ba Alaka dariya: a kan wannan ka bar gida? Ai ba su suka haife ka ba, a dajin Ipetu muka same ka, ni da maigidana Ogundele muna farauta, ƙafafunka ɗaure da igiyar wuri. Shi a ganinsa kaya ya sauke wa abokinsa. Duk sa'ad da yara suka yi wannan wuri, za ki ji aji ya kwashe da dariya tare da Alaka, sai kuma dariyar ta riƙa yankewa daga layi zuwa layi yayin da kowa ya juya ya dubi yarinyar da ke yin Ojuola, sarauniya, matar Odewale kuma mahaifiyarsa. Ita ta riga kowa ganewa, don ita ta san jaririn da aka ɗaure da wuri aka miƙa wa Gbonka, bafaden da aka umarta ya kashe shi. Ba ta da doguwar magana a nan, tashi kawai take yi ta shige ciki. A takarda wannan layi ɗaya ne da ido zai tsallake. Shi ya sa nake cewa wanda ya karanta wasan kwaikwayo a zuci kawai bai gama karanta shi ba.

Yanzu mu koma 1968. Ana tsakiyar yaƙin basasa ne, wanda aka fara a Yulin 1967 aka gama a Janairun 1970, kuma mu a Kaduna ba sai an ba mu labarin mafarinsa ba, a garin nan aka kashe Sardauna ranar 15 ga Janairun 1966. A lokacin yaƙin kowane ɓangare na nuna manyan ƙasashe da yatsa, Ingila da Rasha suna ba gwamnatin tarayya makamai, Faransa na taimakon Biyafara. Rotimi ya bayyana daga baya a hirar da aka yi da shi cewa gumakan da yake nufi su ne waɗannan manyan ƙasashe, kuma abin da yake gaya wa 'yan Nijeriya shi ne su daina ɗora musu laifin abin da ƙabilanci ya jawo. Shi ya sa a ƙarshe, da Aderopo ya so ya lallashe shi da cewa haka gumaka suka nufa, Odewale ya ƙi karɓa. Ya ce da bai ba su ƙofa ba da ba su iya da shi ba, ƙofar kuwa ita ce saurin tashinsa don kare ƙabila. Ɗan Kaduna ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Tun bayan rikicin 2000 da na 2002 kogi ya zama kamar iyaka, mutum na duba addini da yare kafin ya kama haya a Rigasa ko Sabon Tasha. Yaron da aka haifa a Kawo, aka haifi ubansa a Kawo, yana zuwa neman takardar indijin a tambaye shi ainihin garinsu. Kina iya kawo wannan a jimla ɗaya ko biyu, amma kada ki bari ya cinye sharhin, tambayar a kan Kutuje take.

Ga inda nake tare da ke kuma. A ganina hukuncin da Odewale ya yanke wa kansa ya fi laifinsa girma, kuma saƙon Rotimi bai zauna daram a kan ƙashin bayan da ya aro ba. An yi duban ne yaro na cikin zanen goyo, bai san fushi ba balle ƙabila. Ƙabilanci ya bayyana mana kisan Ede, amma me ya haɗa shi da auren Ojuola? Wannan al'adar Kutuje ce, sabon sarki ya gaji matar tsohon. Sannan akwai wurin da ya fi kowanne wuya: muryar duba ta ce masa ya zauna inda yake, kada ya gudu. Masu cewa laifinsa ne suna kafa hujja da wannan, da ya zauna a Ijekun da bai haɗu da Adetusa ba. To amma wane ɗan halak ne za a ce masa zai kashe ubansa ya kwana da uwarsa, ya ci gaba da zama gida ɗaya da waɗanda ya ɗauka su ne? An ba shi shawarar da ke daidai, an ɓoye masa dalilin da zai sa ya bi ta. Wannan ba adalci ba ne, kuma kina da damar faɗar haka.

Ga sauran masu hannu a ciki da ɗalibai ke mantawa. Adetusa da Ojuola sun yarda a kashe jariri a kan maganar ɗan duba. Gbonka ya ji tausayi ya bar yaron, wannan alheri ne, amma daga baya ya dawo ya ce 'yan fashi ne suka kashe sarki, ƙaryar da ta rufe hanyar bincike. Masu sarautar Kutuje ba su bi jinin sarkinsu ba, suka naɗa baƙo ba su tambayi asalinsa ba. Limamin Ogun ya san duban tun ranar farko. Ki lura da wani abu: duk matakin da aka ɗauka don guje wa duban, shi ya matso da shi. Da ba a jefar da yaron ba, da ya tashi ya san ubansa da uwarsa. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, Fir'auna ya yi ta yanka 'ya'ya maza don tsoron yaro ɗaya, ya ƙare da renon yaron a gidansa. Zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi.

Tunda kin kawo zancen imani, akwai abin da kika taso da shi da zai taimake ki fiye da ɗalibin da bai san shi ba. Mu ba mu ɗauki ƙaddara da alhakin mutum a matsayin kishiyoyi ba. Lokacin da Sayyadina Umar ya nufi Sham ya ji annoba ta ɓarke, ya juya da jama'a, Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya ce e, daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. An rubuta, kuma za a tambaye ka abin da ka zaɓa. Wanda ya kashe mutum ba ya zuwa gaban alƙali ya ce ƙaddara ce a sallame shi, ko da yake ƙaddarar ce. Da wannan idon za ki ga ba dole ba ne ki zaɓi ɗaya ki yar da ɗaya. Sai dai ki kiyaye, kada ki mai da takardar wa'azi, kuma kada ki auna mutanen Kutuje da shari'ar da ba su sani ba.

Da ni ne ke rubutawa, zan ce na yarda da sunan wasan a kan kisan Ede da korar Aderopo, ban yarda da shi ba a kan auren Ojuola. Ke kina iya tsayawa a kan naki ra'ayin, mai duba takarda ba ya ba da maki don an yarda da marubuci, hujja daga cikin littafi yake nema. Abin da ke kayar da ɗalibai shi ne su cika shafi biyu da ba da labarin wasan daga haihuwa har makanta, alhali malamin ya fi su sanin labarin. Faɗi matsayinki a sakin layi na farko. Kowane sakin layi bayan nan ya ɗauki fitowa ɗaya, ki ce ga abin da ya faru, ga abin da Odewale ya sani a lokacin, ga abin da zai iya yi bai yi ba. Ki ba hujjar ɗaya ɓangaren haƙƙinta kafin ki rushe ta, musamman maganar "zauna inda kake", don malaminku zai neme ta. Sunayen kuma ki tantance su tun yanzu: Adetusa uba, Aderopo ƙane, Adewale ɗan Odewale. A kan waɗannan ukun ɗalibai suka fi yin tuntuɓe a jarrabawa.